Gwajin Auta

Tun da Umma, mahaifiyar Auta, ta tura ƙofar falo ta janyo kujera kusa da ita, Likita ta san da walakin goro a miya. Ita dai ba likita ba ce, awon jini da fitsari take yi a asibiti, amma dangin saurayinta Auta suka laƙaba mata sunan har ya bi ta.

"'Yata, kin san Auta ya samu aikin tuƙa motar 'yan makaranta," in ji Umma. "To, wai sai an yi masa gwajin ƙwaya, kuma wajenku aka tura shi."

Ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka ta ajiye a tebur.

"Wannan fitsarin yayansa ne, shi ko taba bai taɓa sha ba. Ki manna sunan Auta a jiki, shi ke nan."

Likita ta ƙura wa kwalbar ido. Shekara biyu Auta yana ɗirkar maganin tari kamar ruwa, Umma kuwa tana bin bayansa tana kwashe kwalabe, ta kai su jujin wata unguwa don kada maƙwabta su gani.

"Umma, yara talatin za a zuba masa a mota."

"Au, 'ya'yan wasu sun fi miki nawa? Saura wata biyu aurenku fa."

Sai ga Auta ya shigo, ido jajur, yana jan magana.

"Haba bebi, filis mana. Kowa ma yana sha a layin nan, ni kaɗai aka sa wa ido. Wallahi ina fara aiki zan..."

Bai ƙarasa ba gyangyaɗi ya kwashe shi a tsaye. Likita ta dube shi cike da so da takaici. Ta fita tana kuka, ta bar kwalbar a inda take.

Washegari aka auna fitsarinsa na gaskiya, asiri ya tonu. Aiki ya tafi, aure ya bi bayansa. Yayyensa mata suka yi mata ca a waya: munafuka, baƙar ƙafa, mai raba ɗa da arzikinsa. Babu wadda ta ambaci maganin tari.

Bayan wata guda ta fito daga aiki ta tarar da shi a bakin ƙofa, duk ya rame.

"Kin tona mini asiri," ya ce. "To ƙarasa ladanki. Ina ake kai irinmu?"

Wata takwas ya yi a gidan gyaran hali, kuma ita kaɗai ke zuwa duba shi. Umma tana gida tana gaya wa mutane ya tafi kwas.

Ya fito garau, aka yi auren ba armashi. Ranar da suka je gaisuwa, Likita ta durƙusa har ƙasa, Umma ta kawar da kai.

"Ai ga wadda ta yi wa ɗana sharri."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Umma, ke kika haife ni, amma da ta biye miki, da yanzu ta'aziyyata ake miki."

Haƙuri ya ba Likita miji mai lafiya, bai dai ba ta uwar miji ba har yau. Rufin asirin da ake yi wa mashayi ba ƙauna ba ce, rami ake taya shi haƙawa.