Shatin Yatsu

Ina shiga shagon na tarar Yaya ya danne mijina a kan teburin aiki, jini na ɗiga a garin katako.

"Yaya, don girman Allah ka sake shi!"

Ko kallona bai yi ba. Ya rarumi guntun katako ya sauke a hannun daman mijina, hannun da yake jan zarto da shi. Har cikin haƙorana na ji ƙarar ƙashin.

"Da wannan hannun kake murɗe min ƙanwa ko?"

"Wallahi ban san me kake faɗa ba..." mijina ya ce, bakinsa fal jini.

Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ba a daɗe da aurenmu ba wasu ƙuraje suka feso min a wuyan hannu, ta ciki. Ba ruwa ba mugunya, kansu a shafe, suna sheƙi, baƙi-baƙi da sirkin shuɗi. Ƙaiƙayi kuwa kamar in saɓule fatar in huta. Duk inda farcena ya karta sai sababbi su jeru a layi, waɗanda suka kwanta su bar baƙin tabo. Na ɗauka ƙazuwa ce. Amarya guda da ƙazuwa, ina zan kai wannan abin kunya? Sai na koma riga mai dogon hannu, in mijina ya matso kusa in ce kaina ke ciwo.

Ranar nan na je gida da hantsi. Umma ta zubo abinci, loma ɗaya na yi na ture, cikin kumatuna na zugi saboda yaji. Garin wanke hannu rigar ta zame. Yaya na zaune. Direban babbar mota ne, zuciyarsa a kusa take, kuma tun farko bai so kafintan ba, abokinsa mai shagon taya ya so ya ba ni.

Ya cafki hannuna.

"Wannan ai shatin yatsu ne. Bakin ma marinki ya yi?"

Kunya ta rufe ni, na fashe da kuka.

"Don Allah Yaya, kar ya san ka gani..."

Ni ƙyama nake gudu, shi kuma ya ɗauka tsoron duka ne. Kafin in haɗa wata maganar ya fice, na bi shi ko takalmi babu.

Da ƙyar maƙwabtan shago suka ɓamɓare Yaya daga kan mijina. A asibiti ana ɗaure wa mijina hannu surukata ta faɗo ɗakin, ba ta tsaya jin ba'asi ba ta wanke ni da mari.

"Yau za ki bar min ɗa. Dangin mahaukata kawai."

Na ɗaga hannu in kare fuskata, sai likitar ta riƙe shi.

"Mama, a bari. Ke, tun yaushe wannan?"

Ta juya hannun a haske, ta duba idon sawuna, can ma akwai. Ta ce in buɗe baki, ta haska, ta ba ni madubi. Wasu fararen layuka na gani a cikin kumatuna, kamar saƙar gizo-gizo.

"Ba duka ba ne, ba ƙazuwa ba ce," ta ce. "Sunansa lichen planus. Garkuwar jikinki ce ke taɓa fatarki. Ba a ɗauka, ba a shafa wa kowa. Akwai man shafawa, yana lafawa, sai dai tabon kan jima."

Yaya na bakin ƙofa ya ji komai. Ya sulale ƙasa ya dafe kai.

"Hannun mijina fa?" na tambaya.

"Zai warke. Amma yatsu biyu ba lallai su ƙara lanƙwasuwa kamar da ba."

Surukata ta dubi ɗanta. "Ka ji dai. Sallame ta yanzu a gabana."

"Mama, ku ba mu wuri," mijina ya ce.

Suka fita. Na durƙusa gefen gadon, na kasa haɗa ido da shi. Ina son mutumin nan kamar raina, ga shi na tabbata na rasa shi.

"Amaryata..."

"Na'am."

"Kullum in kika ce kanki ke ciwo, sai in kwana ina tunanin kin yi nadamar aurena ne. Wannan ya fi min karayar nan ciwo."

"Tsoro nake ka ƙyamace ni, masoyi."

"Ni?" Ya yi 'yar dariya, leɓensa da ya fashe ya sake ɓallewa da jini. "Yayanki kam kar ya ƙara tako min shago, ban san ranar da zan iya kallonsa ba."

"Ni fa?"

Ya miƙo hannun hagu.

"Naɗe rigar nan. Kowa ya gani, ni mijin ne kawai ban gani ba."

Na naɗe har gwiwar hannu, ya kama wuyan hannuna a hankali ya ɗora a kumatunsa.