Baron Gobe-da-safe

Rana ta yi ja lokacin da Tela ta kulle shagonta, ta rataya jaka, ta nufi bayan gari. Kuɗinta za ta karɓo, kuma ta riga ta rantse ba za ta dawo hannu rabbana ba.

Wata biyu ke nan da ta danƙa wa wani mai aikin lambu dubu tamanin, kafin alƙalami. Aikin ba wani mai wuya ba ne: ya daɓe mata hanya daga ƙofar ɗakin Baba zuwa gindin lemun tsamin da ke tsakar gida, ya dasa furanni a gefe. Baba, mahaifinta, shi ya dasa lemun nan da hannunsa tun ba a haife ta ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗora shi a keken marasa lafiya, kuma abu ɗaya yake roƙo, a tura shi inuwar bishiyarsa.

Mutumin ya zo kwana biyu. Ya tsaga rami tun daga bakin ƙofar, ya zube yashi, ya ɓace. Keke kuwa ba ya tsallake rami. Tun daga ranar, ta taga Baba yake kallon lemunsa.

Duk unguwa Gobe-da-safe ake kiran mutumin, domin amsarsa ke nan ga kowa. A gaskiya ita ma Tela ba baya ba ce wajen wannan amsa. Yadin mutane na nan jibge a shagonta, ta karɓi kuɗin ɗinki ta kashe. Amma wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba, ko kusa.

Wurin renon dashensa yana ƙarshen hanya, bayan gidan ƙarshe. Ta tura ƙyauren langa-langa, ya yi ƙara. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da taki ya doki hancinta. Dashe ne jere a baƙaƙen leda, layi bayan layi, sun fi yadda ta san wurin yawa. Ba kukan tsuntsu. Ba ko sauro.

Can ciki ta ji ƙarar baro. Ƙiiƙ. Ƙiiƙ. Ta bi ƙarar.

Da ƙyar ta gane shi. Mutumin da ta sani da tumbi da surutu ya koma ƙashi da rai. Tafin hannunsa duk ya fashe. Yana cika leda da ƙasa, ya ajiye, ya ɗauki wata, ba ya ko ɗaga kai.

"Malam, yau dai ba gobe," in ji ta. "Kuɗina."

Ya ɗago. Ta yi shirin jin rantsuwa da kame-kame, har ta tanadi amsa. Sai ta ga idonsa ya kawo ruwa don murna.

"Hajiya," ya ce cikin raɗa, "Allah ne ya kawo ki. Ga su nan. Wallahi ga su nan."

Ya zaro wani ƙunshi daga cikin rigarsa. Takardun kuɗi ne, ɗaure da jijiyar itace. Sun yi kauri, sun ninka nata sau uku.

"Duka naki ne. Ki riƙe kawai."

Nan jikinta ya ba ta. Mutumin da ya yi wata biyu yana ɓuya a bayan tankin ruwa in ya hango ta, yau shi ke roƙon ta karɓi ninki uku? Ta miƙa yatsu biyu ta taɓa. Sanyi ƙalau, da danshi, kamar yanzu aka tono su. Ta janye hannu.

"Wa ya ba ka waɗannan?"

Idonsa ya tsallake kafaɗarta.

A bayanta ruwa ya fara zuba. Shaaa. A hankali, ba yankewa.

Ta waiga. Wani dogo ne tsaye tsakanin layukan, ya sunkuya, yana ban ruwa da buta. Kansa ya wuce rufin rumfar da ke yi wa dashen inuwa. Butar ƙarama ce, amma ruwan ba ya ƙarewa. Inda ya taka, ƙasar jiƙe take, amma ba sawu.

"Ya karɓi kafin alƙalami a wurinmu," in ji dogon, ba tare da ya juyo ba. Muryar ta fito ne daga ƙasa, ta bi ta tafin ƙafarta. "Ya ce gobe da safe. Mu ba mu da safe."

Ta ja da baya taku ɗaya.

"Aikin kwana nawa ne?" ta ji kanta tana tambaya.

"Sai lambun ya cika."

Ta dubi layukan. Ba ta ga ƙarshensu ba.

"Duk wanda kuɗin ke wurinsa," in ji muryar, "aikin nasa ne."

Tsoro ya kama ta. Amma sai ta tuna Baba a bakin taga, da kofin shayinsa da ke hucewa a hannun da ba ya motsi. Fushi ya taso ya danne tsoron. Ta juya kan Gobe-da-safe.

"Au, haka ne? Ka ci kuɗina, ka bar ubana a kulle, yanzu kuma ni za ka jefa a ramin da ka haƙa wa kanka? Allah ya isa. Riƙe abinka."

Ta kama hannun baron, ta kife ƙasar da ke ciki. Ta jefa shebur da diga da cokalin gini a cikinsa.

"Wannan jingina ce. Ranar da ka kawo dubu tamanin na kuɗin 'yan Adam, ka zo ka ɗauka."

Gobe-da-safe ya faɗi ya riƙe gefen jakarta yana kuka. Ta fizge. Ta tura baron.

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

Ta wuce layi goma. Ta wuce ashirin. Ga ƙyauren can, amma bai matso ba.

Duhu ya sauko lokaci ɗaya.

Ganyen dashen ya fara shafar ƙwaurinta. Ɗazu a idon sawu yake.

Shaaa. Ruwan yana biye da ita. Ya jiƙa dugaduganta.

Jakar ta yi nauyi. Igiyarta tana yankar kafaɗa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi daga ƙarƙashin hammatarta.

Sai ta gane. Ba kuka kawai Gobe-da-safe ya yi ba da ya riƙe jakar, kuɗin ya cusa mata.

Hannunta na dama ya saki baron da kansa. Ya sauka, ya ɗauki baƙar leda. Yatsun nan biyu suka fara tara ƙasa.

"Sannu da zuwa aiki," in ji muryar, dab da kunnenta.

Ta ambaci sunan Allah da ƙarfi. Da hannun hagu ta cire jakar daga kafaɗa, ta juya, ta dubi inda fuska ya kamata ta kasance. Ba komai a wurin sai duhu mai warin taki.

"Ban karɓa ba!" ta ce. "Cusa mini aka yi. Ni ake ci wa kuɗi a nan, ba ni na ci na kowa ba. Ga tsiyarku!"

Ta wurga jakar da duk abin da ke ciki, waya da makullin shago da almakashi. Ta ji ta faɗi can nesa. Ta ji Gobe-da-safe ya saki wata ƙara, guda ɗaya.

Ruwan ya tsaya.

Ƙyauren na gabanta, taku uku. Ta banke shi da baron, ta fita. Ba ta waiga ba, kuma ba ta saki baron ba har ƙofar gida.

Washegari aka fasa mata kwaɗon shago. Da asuba take cike ramin da hannunta, da rana ta hau keken ɗinki. Ta sayi siminti buhu-buhu, yadda hali ya yi. Daɓen bai yi kyau ba, ya karkace a tsakiya, amma a rana ta goma sha ɗaya ta tura Baba har gindin lemun. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a jikin bishiyar. Ita kuwa ta yi kuka har da shessheƙa.

Ba a sake ganin Gobe-da-safe ba. Waɗanda suka je nemansa sun ce fili ne kawai a wurin, da ciyawa.

Yatsun nan biyu har yau da baƙar ƙasa a ƙarƙashin farce, sabulu ya gaza. Cikin wata guda ta gama duk ɗinkin mutane da ke jibge a shagon. Yanzu in ka miƙa mata kuɗi kafin ta gama aiki, sai ta mayar da hannu baya, ta ce ka riƙe abinka.

Baron kuwa ta ɗaure shi da sarƙa a jikin lemun. Kullum in rana ta yi ja, sai ya yi ƙiiƙ sau ɗaya, ya ja sarƙar ta miƙe, hancinsa na duban ƙofa. Baba yakan dube ta. Ita ko ɗaga kai ba ta yi daga kalmasar bakin rigar da take yi.

"Ja da kyau," takan ce wa baron. "Sai an biya ni."