Wanda Aka Bari a Tsohuwar Kwamfuta

Rana ta kusa faɗuwa a birnin Tainan, miya na tafasa a kicin, lokacin da Fang Dexiang ya zare wayar tsohuwar kwamfutar gidansu. Shekara da shekaru tana lungun ƙofar baya tana gurnani. Duk fina-finai da waƙoƙi da bidiyon gidan a cikinta suke, daga nan talabijin da wayoyi ke ja. Ya kwashe komai zuwa wata sabuwa 'yar firit mai sheƙi, ya goge tsohuwar tas. Kuma a watan bakwai ya yi wannan ɗanyen aiki, watan da mai hankali ko gado ba ya sauya wa wuri saboda baƙin da ba a gani.

Yayarsa ta ce ya bari wata ya fita, ko ya kunna turare ya sanar da mai gidan ɓoye, wanda marigayiya matarsa Ruolan ke ajiye wa shinkafa da cinyar kaza a wannan lungun. Ya yi tsaki. Dexiang irin mutanen nan ne da suka iya haɗa waya da waya, sai suka ɗauka sun gama da ilimin duniya. Tun rasuwar matar ko ƙwayar shinkafa bai ajiye ba. Taƙamarsa kawai, wai ya adana muryarta a wuri uku, babu abin da zai taɓa ta.

Da fankar kwamfutar ta tsaya, gidan ya yi tsit, shiru mai nauyi. Can sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Ya leƙa waje yana zagin 'ya'yan maƙwabta, ya tarar da layin wayam. Da ya dawo, miyar ta huce alhali wuta na ci a ƙarƙashinta, 'yarsa Shuyin mai shekara tara kuma tana tsugune a lungun, ta rungume gwiwoyi. Ta ɗago ta dube shi, ta yi magana da muryar tsoho.

"Sanyi nake ji."

Haka ya zama kullum da almuru. Gwanin naku ya sauya fitilu, ya kai ta asibiti, likita bai ga komai ba. Yarinya ta daina ci sai an ajiye mata kwano a ƙasa, ta rame har wuyanta ya fito. Sai da ta daina amsa sunanta sannan ya bar yayarsa ta kawo Malam Ouyang, tsohon malamin haikalin unguwa. Ko a nan ma hannu a harɗe ya tarbe shi.

Malam ya kunna turare, ya kaɗa ƙararrawa a hankali, ya tambaya wane ne, me yake nema a jikin ƙaramar yarinya. Shuyin ta miƙe zaune kamar an ja ta da igiya, idonta a kan ubanta.

"Tun kafin a haƙa harsashin gidan nan ina nan. Matarka ta san ni, takan gaishe ni. Ta tafi, ka hana ni abinci, ban ce komai ba. Na shige akwatin nan mai ɗumi ina jin muryarta. Sai ka kwashe gida kaf, har da fina-finan banza da ba ka taɓa kallo ba, ni ka bar ni a sanyi. Ko kare, in aka tashi ƙaura, ana yi masa fito."

Malam ya ba aljanin haƙuri, ya yi masa tayin kaza sukutum da kuɗin takarda na bogi, irin na aika wa aljanu, a ƙona masa. Ya ƙi. Muryar Ruolan yake so. Nan Dexiang ya yi farat ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi, yanzu zai yi masa kwafi. Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar sai da ta sa yayarsa ta dafa bango. Aljanin ya ce ashe har yanzu bai san yadda ake aike ba? Abin da za a aika wa irinsu ƙona shi ake yi, abin da ya saura a hannun masu rai bai iso ba. Malam ya roƙa a bar wa iyalin hotuna marasa motsi, ya yarda, amma duk abin da ke da muryarta nasa ne.

Malam ya juya ya ce wa Dexiang a hankali, "Ɗana, a nan ba a wayo."

Dexiang ya goge na sabuwar kwamfuta, ya goge na intanet, ya jefa faifan ajiya a kaskon ƙona kuɗi, fuska a marairaice. Amma tun ana ciniki ya lallaɓa ya tura kwafi kan wani ɗan kati kamar farce, ya cusa a aljihun riga. A ransa yana cewa tsohon aljani ina ya san kati? Yarinyar ta daɗe tana kallon aljihun, ta taɓe baki.

"Na karɓa. Abin da bai cika ba, ni zan cike shi da kaina."

Ta zube. Turaren ya mutu, wani ɗumi ya ratsa kicin ya fice ta ƙofar baya. Da ta farka ta nemi abinci, ta zauna a kujera ta ci kamar kowa. Malam ya tattara kayansa ya fita, ko shayi bai tsaya sha ba.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, Dexiang ya kulle ƙofa, ya kira Shuyin yana murmushin wanda ya ci kasuwa. Ya sa katin a waya. Ga Ruolan tana taje mata gashi, tana rera mata waƙa, tana kiran sunanta. Yarinyar ta kalla cikin ladabi har ƙarshe, ta miƙa masa wayar.

"Muryarta da daɗi, Baba. Wace ce?"