Shimfiɗar Haihuwa a Gindin Gawo

Dela ta baro ƙauyen manoma bayan la'asar, tana jan jakinta da taikin geron da ta samo musayar nono da man shanu. Wannan tun kafin a ga Nasara a ƙasar Dakoro ne, zamanin da mutum kan wuni a hanya bai haɗu da kowa ba sai Buzu bisa raƙumi. Rugar mijinta Jimrau tana ƙetaren wata busasshiyar fadama, tafiyar da mai sauri kan gama kafin magariba.

Cikinta ya shiga wata tara. Goggo Hawa, ƙanwar ubanta, wadda ta zo daga Ɗan Gulbi don ta zauna mata haihuwa, ta hana ta fita tun da safe. Dela ta yi dariya, ta ce haihuwa biyu ta yi, kowace sai da ta kwana ta wuni tana naƙuda kafin a ji kuka. Ko ciwon ya tashi a hanya, za ta iso gida ta tuƙa tuwo ta ci. Kuma babu ƙwayar hatsi a bukka, Jimrau yana bayan shanu, wa zai je in ba ita ba?

Kaka ce, ciyawa ta soma ja. Ƙarangiya sai manne mata take a zane, tana tsayawa tana cirewa. Ba ta iya hawa jakin saboda nauyi, don haka tafiyar ta ja. Sa'ad da ta gangara cikin fadamar, rana ta riga ta taɓa ƙasa.

Sai kurciyoyi suka yi shiru. Gyare ma ya daina kuka. Ba ta jin komai sai kofaton jaki a kan yashi da numfashinta.

Nan abin ya zo mata.

Ba ciwon baya, ba ciwon mara, faya ba ta fashe ba. Nishi ne kawai ya taso, gaba ɗaya, ba sallama. Ta san shi sarai. Shi ne wanda kan zo can ƙarshe, bayan mace ta gama wahala, sa'ad da kan ɗa ya sauko. Kamar an saki dutsen niƙa a cikin ƙugunta yana gangarowa. Kamar bayan gida ya matso ta da ƙarfin da ba a iya riƙewa. Kamar amai ne, amma ƙasa ya nufa, shi ma ba ya neman izinin mai shi. Cikinta ya dunƙule ya yi tauri, haɓarta ta sauko ƙirji da kanta, wani gurnani irin na saniya ya fito daga maƙogwaronta. Ta riƙe wuyan jaki har nishin ya sake ta.

Ta tsaya tana haki, gumi na bin bayanta. Nishi ba ya riga naƙuda. Ko mai cikin fari ta san wannan.

Ta ja igiya. Jakin ya kafe ƙafa, ya miƙe kunnuwa wajen wani tsohon gawo da ke gefen hanya. Sai ƙamshi ya bugo ta: ganyen sabara ana dafawa, da kunun kanwa, da hayaƙin itace. Ƙamshin ɗakin mai jego.

Da safe ta wuce gawon nan, babu komai a gindinsa sai kashin awaki. Yanzu an share wurin tas. An zuba farin yashi, an shimfiɗa tabarma, tukunya na tafasa bisa murhu. Wata tsohuwa tana tsugune ta ba ta baya, tana iza wuta.

"Kin daɗe, ɗiyata," in ji tsohuwar, a hankali. "Zo ki durƙusa."

Muryar Goggo Hawa ce, har da 'yar shaƙewar da taba ta sa mata.

Daɗi ya kama Dela. Ta ce a ranta Goggo ce ta biyo sawunta, Allah ya saka mata. Ta saki igiya, ta yi taku uku. Yashin ya yi sanyi da laushi a tafin ƙafarta, gwiwoyinta na neman ƙasa kamar yadda mai ƙishi ke neman ruwa.

Sai ta lura wutar ba ta da zafi. Tana tsaye dab da ita, ba ta jin ko ɗumi.

A ƙarshen tabarmar akwai wani ƙunshi cikin baƙin zane. Ƙunshin ya motsa. Ya yi wani ɗan kuka siriri, irin na jaririn da aka haifa yanzu.

Dela ta taɓa jin tsofaffi na faɗin yadda mutanen ɓoye ke musayar ɗa. Sai an haife shi a shimfiɗarsu, ya faɗo a hannunsu.

"Yi nishi," in ji tsohuwar, ba ta waiwayo ba.

Da faɗin haka nishin ya sake tasowa, ya fi na fari. Ƙasusuwan ƙugunta suka buɗe. Faya ta fashe, ruwa mai ɗumi ya bi cinyoyinta. Duk jikinta abu guda yake so, ta ja numfashi ta riƙe ta tura. Ta san in ta tura za ta ji sauƙi, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Ta buɗe baki za ta yi bisimilla. Da ta ja iska sai nishin ya cafke iskar, ya mayar da ita tasa.

Ta saki numfashin da sauri. Ta riƙa haki gajere-gajere kamar kare a rana, baki buɗe, don kada iska ta taru a ƙirjinta. A tsakanin hakin take fitar da kalmar guntu-guntu.

"Bis… mil… lahi."

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan itacen wuta.

Dela ta ja da baya. Ta lalubo wutsiyar jaki, ta naɗe gashin a hannu biyu. Jakin kamar jira yake, ya zabura.

Ba gudu take ba. Jan ta ake, cinyoyi a matse, ƙaya na yankar ƙafarta. Taikin gero ya zame ya faɗi, ba ta duba ba.

Babu takun kowa a bayanta. Muryar ce kawai, dab da kunnenta.

"Yi nishi. Ki huta."

Ya taso. Ta kafa haƙora a damtsenta har ta ji gishirin jini.

Ya lafa. Taku goma. Taku ashirin.

"Kai ya hito, ɗiyata. Kak ki kashe shi."

Wannan ce ta kusa kayar da ita, don gaskiya ne. Tana jin kan a ƙofa, wurin yana zafi kamar an manna garwashi. Wani abu mai sanyi, kamar yatsu jiƙaƙƙu, ya shafi bayan cinyarta ya yi sama.

Ta ƙwalla ƙara, ta cije, ba ta tura ba.

Sai ƙasa ta soma rawa. Shanun Jimrau ne ke komowa, suka ɓullo ta bakin fadamar suka rufe ta ko'ina, da warin kashinsu da ɗumin jikinsu. Hannunta ya kuɓuce daga wutsiyar jaki, ta zube a tsakiyarsu bisa gwiwa da tafi. Ta ji Jimrau yana kiran Goggo da iyakar muryarsa.

Wasu hannaye suka kama kafaɗunta.

"Yi nishi, Dela."

Muryar nan dai. Dela ta runtse ido, ta girgiza kai, ta ci gaba da haki. Aka sake faɗa, ta ƙi. Sai ta ji mari a kunci, mai zafi, da tafi mai kaushi. Warin taba da gumi ya cika mata hanci.

"Ke, buɗe ido ki dube ni! Mi ya same ki?"

Ta buɗe. Goggo Hawa ce, ɗankwali ya zame, tana huci don gudun da ta sha.

Dela ta ja numfashi har ƙasan cikinta, ta bar jikin ya yi abin da yake roƙo. Sau ɗaya tak. Jaririya ta sulɓo a hannun Goggo, ta tsala kuka, shanu na tsaye kewaye da su.

Goggo ta sa Jimrau ya kawo bakin wuta, ta tsaga kara za ta yanke cibi. Ta kai hannu, sai ta tsaya. An riga an ɗaure cibin da baƙin zare, ƙulli biyu, tsaf, aikin wadda ta saba. Ta yi bisimilla ta yanke tsakanin ƙullin da cikin jaririya, ta naɗe sauran a ganye, ta ce wa Jimrau ya kai nesa ya binne da zurfi. Sai da aka yi arba'in ta gaya wa Dela abin da ta gani.

Ba su kwana uku a wurin ba. Jimrau ya kwashe bukkoki, aka yi suna a wata rijiya wajen Rumbu, aka sa wa yarinya Fadimata. Har aka yaye ta Dela ba ta taɓa ajiye ta a tabarma ba in rana ta yi ja. Ta sake haihuwa uku bayan nan, kuma duk wadda za ta zauna mata sai ta roƙe ta tun da wuri kada ta ce mata komai, ta riƙe mata hannu kawai.

Makiyayan da suka ci gaba da bin fadamar sun ce in magariba ta kama mutum kusa da gawon, yakan ji kukan jariri. Fadimata ta girma, ta yi aure, ta haifi nata. Masu wucewa suka ce kukan yana nan, siriri, na kwana ɗaya, bai ƙara girma ba.