Ɓarawon Da Ya Goge Daɓe

Ranar Litinin da safe aka kira ofishin 'yan sanda, wai an sace kaskon suyar kifi na cocin Katolika da ke unguwar 'yan asalin Poland. Insfekta Marlene Novak ta ajiye kofin shayinta ta yi tsaki.

Kaskon na Ƙungiyar 'Yan'uwan Waliyyi Yusufu ne, katoto mai taya, a-kori-kura ce kawai ke iya ɗaukarsa. Da shi suke soya kifi kowace Juma'ar azumin Kirista, su ciyar da tsofaffin unguwa. Maza ne masu son taro da tafi, aiki kuwa sai a hankali.

Mataimakin shugaba, Dennis Kuhlman, shi ya kai ƙara, shi ya tarye Insfekta a ƙofar zauren coci.

"Ranki ya daɗe, ba kasko ba kifi ranar Juma'a. Ga shugabanmu Casimir, matarsa Rosalie na kwance asibiti, ranar za a yi mata aikin zuciya. Da me zai ji?"

"To, wa zai soya kifin in yana asibiti?"

Dennis ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Shi mana. Ai kullum shi ne."

Ta shiga kicin. Ba a ɓalle ƙofa ba. An kashe gas, an tace man suya an zuba a jarkoki, daɓe kuwa an goge shi tas. Ta daɗe tana aikin nan, ba ta taɓa ganin ɓarawo mai tsabta irin wannan ba.

"Wa ya yi shara bayan suyar da ta wuce?"

"Ni da ɗan'uwa Vince," in ji Dennis. "Mu muka fita ƙarshe."

"Madalla. Ɗauko min tsintsiya."

Dennis ya buɗe kabad uku, na ukun ma na kofuna ne.

Ma'aji Vince Petrak ya rantse cewa shi ya kulle ƙofa da hannunsa. Ta ce ya nuna makulli. Ya lalube aljihu har gumi ya keto masa.

"Gaskiya makullai suna wurin shugabanmu Cas."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka zaɓe shi. Duk shekara sai ya miƙe ya ce zai sauka, mu kuwa mu rufe shi da tafi har ya zauna. Tawali'u ne da shi."

Insfekta ta dafe kai. Wai hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma hannuwan nan tafi kawai suka iya.

Casimir Jablonski ya riga ya shaida wa ɗan sanda ta waya cewa ranar suyar da ta wuce da wuri ya tafi asibiti. Insfekta ta je can. Ma'aikaciyar jinya ta ce a'a, a makare ya zo, lokacin ziyara ya wuce, hannunsa na warin sabulun wanke daɓe. A filin ajiye motoci kuma ga a-kori-kurarsa, an lulluɓe wani abu da tamfal, taya ɗaya ta leƙo.

Ta kawo Casimir zauren coci, 'yan ƙungiya sun taru. Dattijo ne siriri, idanunsa sun yi ja don rashin barci.

"Mista Jablonski, ka saci kasko, ka tsaya goge daɓe?"

"Da mai a ƙasa. Tsoho zai iya zamewa."

"Me ya sa ka ɗauka?"

"Na roƙe su wani ya karɓe ni Juma'a ɗaya. Dennis ya ce bayansa na ciwo, Vince ya ce jikansa na da wasan ƙwallo. Na ce to, in babu kasko babu suya, in zauna kusa da Rosalie. Tura ce ta kai bango, ranki ya daɗe. Ban zaci za su kira ku ba, ban taɓa ganin sun yi wani abu da kansu ba."

Abin ya ba Insfekta haushi, ya kuma ba ta tausayi.

"Za ka bi ni ofis. Ka yi wa ɗan sanda ƙarya."

Dennis ya yi wuf ya miƙe. "'Yan'uwa, mun janye ƙara, mun yafe masa. Tunda kasko ya dawo, Cas, ƙarfe nawa za ka kunna wuta ranar Juma'a?"

Suka fara tafi.

Casimir ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ciro tarin makullai daga aljihu, ya kama hannun Dennis a tsakiyar tafin, ya danƙa masa su.

"Tsintsiya tana bayan firij, ɗan'uwa."

A mota Insfekta ta ce, "Rubuta bayani kawai za ka yi, in kai ka asibiti."

"In 'yan ƙungiya sun tambaya fa?"

Ta tada mota. "Kana hannun hukuma har ranar Asabar."