Mayafi Mai Jan Layi

Duk shekara, idan an gama girbin sha'ir, mu mutanen duwatsun Atlas mukan taru a filin Waliyyi kwana uku. A yi ziyara, a yi addu'a, a ci kasuwa. Kowace ƙabila da gefen da take kafa tantunanta, matanta kuma da irin mayafin ulunsu. Mu a gefen rijiya muke sauka, mayafinmu kuma fari ne, layi biyu baƙaƙe, ja ɗaya a tsakiya. Ni dai ban ga wanda ya kai shi kyau ba.

Akwai wata yarinya a ƙauyenmu, 'yar aji huɗu. Kakarta, Itto, ta yi wata biyu tana saƙa mata nata mayafin. Da ragowar ulun ta kitsa mata igiyar ɗaure gashi.

Ranar ƙarshe ta biki, yarinyar ta ga 'yan matan birni da rigunan kanti. Sai ta raina nata.

"Kaka, mayafin nan warin tumaki yake yi."

"Tumakin da kike shan nononsu?" in ji Kaka Itto. "Yafa abinki. A filin nan shi ne sunanki."

Da Kaka ta juya, yarinyar ta cusa shi ƙarƙashin tabarma, ta fice sayen alewa. Daga wurin mai alewa ta bi masu ganga. Can ta waiga, tantuna ko'ina, duk iri ɗaya. Ga shi motar ƙauyenmu za ta tashi bayan la'asar.

Ta tambayi wani mai shayi. "Baba, ina tantin Haddu? Shi ne babana."

"Haddu a filin nan sun fi ɗari, 'yata. Ina mayafinki, in san gefenku?"

Ta faɗi sunan ƙauyenmu. Ya ce bai taɓa jin sa ba.

Aka kira la'asar. Tsoro ya kama ta, ta tsuguna tana kuka.

Wata tsohuwa mai sayar da busassun 'ya'yan itace ta matso. Ta leƙa ƙeyarta, ta taɓa igiyar gashin.

"Baƙi biyu, ja ɗaya. Ke ta gefen rijiya ce. Wannan matsattsen kitso kuwa hannun Itto ne. Tashi, 'yar birnin ƙarya."

Ta ja ta har bakin tantinsu. An riga an ɗaure kaya a mota, babanta ya zaga filin sau uku yana nemanta. Kaka Itto na tsaye da mayafin a hannu.

"Kaka, ki yafe mini."

"Na yafe. Har yanzu yana warin?"

"Yana yi. Ba ni abina."

Ta yafa, ta hau mota, ta zauna a inda kowa zai gan ta. Tun daga ranar ta san cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kada ka ji kunyar abin da iyayenka suka ba ka, domin da shi ake gane ka.