Ranar da Gwaggo Tabawa Ta Ce Babu Sauƙi

Kowace safiya mutum-mutumin da ake kira Majiyi yakan gangara ɗaki-ɗaki a kan tayoyinsa, ya tsaya gaban gado, ya yi gaisuwa da muryar ɗan arziki.

"Gwaggo Tabawa, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan, alhamdu lillahi."

An kawo shi gidan kula da tsofaffi na Sabuwar Funtuwa ne don ya haɗa kan ma'aikata. Shi ke jin amsar kowa, ya raba aiki da magani: mai kuka a ƙara masa hannu, mai sauƙi a janye. Gwanin da ya ƙera shi ya manta cewa Bahaushe ko shure-shuren mutuwa yake, "da sauƙi" zai ce. Ba a daɗe ba allon rahoton Majiyi da ke bango ya nuna kowa ya warke, ma'aikata kuwa suka haɗa kai yadda ba a taɓa gani ba, wajen zaman hira.

Sahura, mai juya Gwaggo a gado, ita abin ya tsaya wa a rai. Gyambon kwanciya ya ci bayan tsohuwar, akwatin magani kuma ba ya buɗuwa sai da izinin Majiyi.

"Gwaggo, don Allah gobe ki ce masa babu sauƙi."

"In yi wa Ubangiji butulci a gaban ƙarfe? Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah."

Sahura ta yi ta lallashi har da hawaye. Washegari tsohuwa ta runtse ido, kunya kamar ta nutse, ta ce, "Babu sauƙi. Bayana wuta yake."

Majiyi ya yi lissafi. A duk gaisuwar da ya tara, babu mai hankalin da ya taɓa amsawa haka, sai ya yanke cewa ruɗin tsufa ne. Gadon ya kunna kansa, ya gangara da ita sashen waɗanda aka daina sauraron maganarsu, inda hannun inji ke wanka da ciyarwa, mutum ba ya shiga. Tana tafe tana kiran sunan Sahura har ƙofa ta rufe.

Sahura ta durƙushe a wurin. Sai ga Jummai, shugabar rukuninsu, ta dafa kafaɗarta tana murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, ƙawata, kin rage mana gado ɗaya. Tsohon da ke ɗakin kusa ma yana ba mu wahala. Gobe ki koya masa."